Hoto da Kujera: Sarauniyar Lugu a Madubin Zanen Kirista

Sunayen mata biyu sun zauna daram a birnin Yamai, ko da yake ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba. Ta farko ita ce Maryamu, wadda babbar majami'ar Katolika ta tsakiyar birni take ɗauke da ɗaya daga cikin laƙubbanta, Notre-Dame du Perpétuel Secours, wato Uwargijiya Mai Taimako Kullum. Ta biyu ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda wani gidan rediyo da talabijin na Yamai ya ɗauki sunan sarautarta, aka raɗa wa makarantar lise ta Doso sunanta, sannan hukumomin da suka karɓi mulki a 2023 suka ƙirƙiro lambar girmamawa da sunan nata. Matan nan biyu ba addininsu ɗaya ba, ba zamaninsu ɗaya ba, kuma ba darajarsu ɗaya ba a zukatan masu girmama su. Abin da ya haɗa su shi ne cewa yawancin mutane sun san kamanninsu ne ta hanyar hoton da wani ya ƙera, a wani lokaci, domin wata bukata.

Zanen Kirista ya shafe fiye da shekara 1500 yana wannan aiki na siffanta mata masu daraja, saboda haka ya isa a ɗauke shi madubi. Idan muka duba cikinsa za mu fi gane abin da littafin Abdoulaye Mamani da fim ɗin Med Hondo suka yi wa Sarauniyar Lugu. Sun ceto sunanta daga mantuwa, wannan babu ja. Sai dai sun zuba ta cikin zubin jaruma tilo wadda ba ta da magabaciya ba ta da magajiya, suka bar abin da ya fi ƙarfi a tarihinmu, wato cewa ikon mata a ƙasar Hausa kujera ce da ake naɗawa, ake kuma gada.

Allon da ya ba majami'ar Yamai suna

Laƙabin majami'ar ya samo asali daga wani ɗan allon katako, zane irin na Rumawan Gabas, wanda ake danganta shi da tsibirin Kirit na ƙasar Girka a wajen ƙarni na 15. A 1866 Fafaroma Pius na 9 ya damƙa shi ga ƙungiyar limamai ta Rédemptoristes, suka ajiye shi a majami'arsu ta birnin Rum. Limaman wannan ƙungiya ne suka karɓi ragamar mishan ɗin Katolika na Nijar a 1948, kuma daga cikinsu bishop na farko na Yamai, Hippolyte Berlier, ya fito a 1961. Ta haka sunan allon ya iso bakin kogin Isa.

Mai karatun da bai saba da irin wannan zane ba zai ga uwa rungume da ɗanta kawai. Amma kowane abu a cikinsa magana ce. Bayan hoton an shafe shi da ruwan zinariya, alamar cewa abin da ake gani ba a cikin lokacin duniya yake faruwa ba. A gefe biyu na sama akwai mala'iku, Mika'ilu da Jibrilu, riƙe da mashi da gicciye da ƙusoshi, kayan azabar da Kiristoci suka yi imani an gana wa Yesu. Yaron ya waiwaya yana kallonsu, ya kama hannun uwarsa da hannayensa biyu, takalminsa ɗaya ya kwance yana reto, kamar na yaron da ya sheƙo da gudu saboda tsoro. Ita kuwa uwar ba ɗan take kallo ba: idonta yana kan mai kallo, tafin hannunta yana nuni zuwa ga yaron. Ikonta a wannan zane ikon mai ceto ne da mai nuna hanya. Ba ta riƙe da makami, ba ta zaune a fada, amma ita ce ta cika allon.

Wannan matsayi yana da tarihi a ilimin tauhidin Kirista. A shekara ta 431 manyan limamai suka taru a birnin Afisa, suka tabbatar mata da laƙabin Theotokos, wato wadda ta haifi Ubangiji bisa ga aƙidarsu, kuma daga nan hotunanta suka yawaita. Ba dukkan Kiristoci suka tafi a kan haka ba; ikilisiyoyin Furotesta, irin waɗanda suka tsiro daga mishan ɗin SIM a Damagaram da Tsibiri da Galmi, suna girmama ta ba tare da roƙo ta hanyarta ba. Musulmi kuma, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasarmu, sun san Nana Maryamu a matsayin mace ɗaya tak da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, har sura ta 19 take ɗauke da shi, ko da yake ba su yarda da wancan laƙabi ba, ba sa kuma zana ta. Karatun hoto aikin ilimi ne, daban yake da bauta masa, kuma malami yana iya koyar da shi ba tare da ya taɓa imanin kowa ba.

Matan da suka tsaya a bayan hotuna

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne cewa a bayan hoton uwar nan mai tawali'u akwai mata masu riƙe da mulki na zahiri. Lokacin da rikicin farfasa hotuna ya raba daular Rumawan Gabas gida biyu, mace ce, Sarauniya Irene, ta kira taron Nikiya na 787 wanda ya mayar da hotuna majami'u. Da rikicin ya sake tashi, wata macen ce, Theodora matar Sarki Theophilos, ta kashe shi baki ɗaya a 843 tana riƙe wa ɗanta sarauta. Kada a ɗauka waɗannan mata salihai ne kawai masu carbi a hannu: Irene ta sa an makantar da ɗan cikinta a 797 domin ta yi mulki ita kaɗai, ta kuma yi har 802. Tarihi ya adana wannan, allunan zane ba su adana ba.

A nahiyarmu ma haka abin yake, kuma misalan sun fi kusa da mu. Tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, masu haƙar kayan tarihi daga ƙasar Polan sun tono majami'ar Faras ta ƙasar Nuba, suka ciro zane-zanen bango fiye da 100. A cikinsu akwai hoton Marta, uwar sarki, baƙar mace sanye da kambi, Maryamu na tsaye a gefenta tana kāre ta. A daular Nuba uwar sarki muƙami ce, musamman da yake sarauta takan bi ta wajen ɗan ƴar'uwar sarki. Mai zanen bai sa Marta a bango don kyanta ko jarumtarta ba. Ya sa ta ne domin kujerar da take kai tana bukatar a nuna cewa sama ta amince da ita.

A Habasha, Sarauniya Mentewab ta raba mulki da ɗanta Iyasu na 2 tun daga 1730, ta ci gaba da juya al'amura a zamanin jikanta. Ta gina majami'ar Kuskwam a kusa da Gondar, da ta Narga Selassie a tsibirin Dek na tafkin Tana, inda aka zana ta kishingiɗe a ƙarƙashin ƙafafun Maryamu. Ga mai kallo na farko wannan ƙasƙantar da kai ne. Ga wanda ya san fada kuwa, sanarwa ce: babu wanda ya fi ta kusa da Uwargijiya a duk daular. Darasin da waɗannan hotuna suke bayarwa ɗaya ne: akwai kujera tukuna, sannan aka yi hoto domin a ƙarfafa ta.

Zubi na biyu: budurwa mai takobi

Akwai wani zubin kuma da Turai ta ƙera, wanda duk ɗan lakwal na zamanin mulkin mallaka ya haddace. Jeanne d'Arc, ƴar ƙauye, ta jagoranci sojoji suka ceci birnin Orléans a 1429; kotun limamai ta yanke mata hukunci, aka ƙone ta a Rouen ranar 30 ga Mayu 1431. An soke hukuncin a 1456, amma sai a 1920 Cocin Katolika ya ɗaga ta zuwa matsayin waliyiya. Zane ɗaya kacal ya rage daga lokacin rayuwarta, wanda wani magatakarda a Paris ya zayyana a gefen takarda ba tare da ya taɓa ganinta ba. Fuskar da duniya ta sani, da sulke da doki da tuta, ƙirar ƙarnonin baya ce. Shahararren mutum-mutuminta na dandalin Pyramides a Paris an kafa shi a 1874, ƴan shekaru bayan Jamusawa sun ci Faransa da yaƙi sun ƙwace Alsace da wani yanki na Lorraine. Ƙasar da aka karya tana neman fuskar da za ta tashe ta.

A nan tsarin ya juye. Jeanne ba ta gaji kowa ba, ba wadda ta gaje ta. Babu kujera, sai hoto. Irin wannan mace ana iya girmama ta matuƙa ba tare da an ba sauran mata komai ba, domin ita abin al'ajabi ce da ya faru sau ɗaya. Shaida kuwa ita ce matan Faransa ba su sami ƴancin jefa ƙuri'a ba sai a 1944, shekara 24 bayan an ɗaga Jeanne.

Lugu a 1899, da Lugu a takarda

A farkon 1899 rundunar kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogi ta nufi tafkin Cadi, tana ƙona garuruwa tana kashe mutane. A watan Afrilu ta iso Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, inda Azna suka tare ta da baka da kibiya, sannan suka janye cikin kurmi. Faransawa sun ƙone garin, sun yi asarar ƴan mutane da harsasai masu yawa, suka wuce zuwa Birnin Ƙwanni inda suka yi ɓarnar da ta fi kowace muni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da shi, a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a kusa da Maijirgi. Game da Sarauniya, takardun Faransawa ƴan layuka kawai suka bari. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya ambace ta da harshen raini a littafinsa na 1930, yana kallonta a matsayin tsohuwa mai tsafi.

Daga waɗannan ƴan layuka da abin da ya ji a bakin mutane Abdoulaye Mamani ya gina Sarraounia, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a 1980. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha ɗauri, kuma ya rubuta littafinsa ne ga ƙasar da aka koya wa ƴaƴanta cewa kakanninsu sun miƙa wuya ba gardama. Dole a yaba masa. Ya juya alƙalamin Joalland a kan mai shi: wadda aka kira matsafiya ta zama mai hankali, masu da'awar kawo wayewa suka zama mahaukata. Babobin da ya keɓe wa tafiyar rundunar, da yunwarta da ƙishinta da yadda tsoro ya riƙa cin tirayar tun kafin su ga Lugu, suna cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta a adabin Nijar na Faransanci. Bai kuma ɓoye cewa wasu sarakunan ƙasa sun ba baƙin hannu ba.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, kyautar da ita kanta take ɗauke da sunan wata jarumar, Yennenga ta Mosawa. Fim ne mai faɗi da kwarjini, wanda ya nuna ta'asar mulkin mallaka ba tare da sassauci ba.

Amma mu dubi macen da littafin da fim ɗin suka ba mu. Matashiya ce kyakkyawa, wani namiji mai suna Dawa ya rene ta, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa. Ba ta yarda namiji ya mallake ta ba. Damisa ce alamarta. Tana da fada mai ganuwa da mayaƙa da maroƙi. Tana tsayawa gaban jama'a tana jawabi kamar shugaban jam'iyya. Ba a cewa Mamani ya zauna ya kwafi Jeanne d'Arc. Abin da ake cewa shi ne zamaninsa ma'auni ɗaya ya tanadar wa mace mai girma, wato ta ɗauki makami ta yi abin da maza suka kasa, kuma a cikin wannan ma'auni ya auna ta. Ko tarbiyyarta sai da aka danƙa wa namiji, kamar dai ƙasar Hausa ba ta da matan da za su koya wa mace mulki. A fim ɗin an ƙara wata tazarar: da yake a Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Nijar ba, Sarauniyar Azna ba da Hausa take magana ba.

Abin da hoton ya bari a waje

A Lugu, Sarauniya sunan muƙami ne, Mangu kuwa ɗaya ce daga cikin jerin matan da suka riƙe shi, jerin da al'adar garin take kai tushensa Daura, kuma bai yanke da yaƙin 1899 ba. Ba da takobi ake hawa kujerar ba. Idan Sarauniya ta rasu ana yin tarkama: a ɗauki gawarta a makara, ita ce za ta ja masu ɗaukarta zuwa ga wadda za ta gaje ta. Wadda aka zaɓa takan bar rayuwarta ta da, ta tare a ɗakin sarauta, ba ta cika fita ba, tana kaɗa auduga, tana karɓar masu neman shawara da mafaka, tana roƙon ruwa da lafiyar ƙasa. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara. Kamar yadda Marc-Henri Piault ya nuna a nazarinsa na tarihin Mawri a 1970, ƙasar Arewa ta raba iko gida biyu: sarautar mulki tana hannun Sarkin Arewa, riƙon ƙasa da abin da ke cikinta yana hannun Gubawa, su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Idan za a nema wa wannan mace ƴar'uwa a zanen Kirista, ta fi kusa da uwar nan mai ceto ta allon Rum, da Marta ta Faras, a kan budurwar Orléans.

Kuma Lugu ba ita kaɗai ba ce. Daura tana lissafa sarauniyoyinta har zuwa Daurama, sarautar Magajiya kuma ta wanzu a fadarta bayan mulki ya koma hannun maza. Gobir tana da Inna, Katsinar Maraɗi tana da Iya: mata ne daga gidan sarauta, ana naɗa su, suna da gidansu da mutanensu, suna shugabantar ƴan bori, suna sauraron ƙarar mata. Barno tana da Magira, uwar sarki. Ko jihadi bai shafe wannan tsari ba, sauya masa tufa ya yi. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin ƴan taru domin karantar da matan ƙauyuka, ta riƙa naɗa jagororinsu, wato jajis, da malfa, hular da aka san Innar Gobir da ita. Ta gane cewa mata sun riga sun san ma'anar wannan hula, sai ta ɗora ta a kan ilimi.

Wannan shi ne abin da hoton jaruma tilo yake rufewa. Yarinyar da aka koya wa cewa an taɓa yin wata mace guda mai zuciyar maza za ta yi tafi ta koma wurin zamanta. Wadda aka koya wa cewa fadojin ƙasarta sun yi ƙarnoni da kujerun da mata kaɗai suke hawa, za ta tambayi inda kujerun suka tafi, da wanda ya rage musu ƙarfi: masu jihadi ne, ko Turawan da suka tsara sarautar kanto da maza zalla, ko mu da muka gaje su? Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni ta taɓo wannan mantuwa a wata maƙala ta 2009, Elara Bertho kuma ta bi sawun yadda ƴan layukan takardun soja suka zama gagarumin labarin ƙasa. Aikinsu ya cancanci fita daga ɗakunan jami'a ya shiga hannun malaman makaranta.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Babu mai neman a cire littafin Mamani daga aji. Ƙagaggen labari yana da ƴancinsa, kuma ba don shi ba da sunan Mangu bai wuce iyakar Arewa ba. Abin nema shi ne a karanta shi yadda masu ilimin zane suke karanta allon Rum ko bangon Narga Selassie, da tambayoyi uku: wa ya ƙera wannan hoto, a wane lokaci, kuma wace bukata ya biya? Malami yana iya ajiye babi ɗaya na littafin kusa da bayanin tarkama, ya bar ɗalibai su gano bambancin da kansu. Yana iya nuna musu hoton Mentewab da na Jeanne d'Arc, ya tambaye su wacce ce ta fi iko a rayuwarta, wacce ce kuma ta fi shi bayan mutuwarta.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa aikinsu ya fi gaggawa, domin gani ya kori ji. Tsofaffin da suka san kirarin Inna da Iya, da ƙa'idojin naɗinsu, da irin shari'ar da suke yankewa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Tsibiri da Maraɗi da Dogon Dutsi. A ɗauki maganarsu da Hausarsu, a rubuta, a ajiye a cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO da ke nan Yamai. Masu wasan kwaikwayo da suka saba fito da Sarauniya da kwari da baka su gwada fito da ita zaune da mazari a hannu, sarakuna da talakawa suna jiran abin da za ta ce. Wannan fage ya fi wuyar tsarawa, domin babu ƙarar bindiga da za ta riƙe ƴan kallo, amma shi ne ya fi kusa da abin da mutanen Lugu suka sani, kuma har yanzu ba a ba shi haƙƙinsa a dandali ba.